Suna Linzami Ne: Darasin Lambobin Sojan Ruwa Ga Magadan Mazan Jiya

Yauri ta ƙasar Matamai, a kudancin jahar Damagaram, ba ta da kogi balle teku. Suna kaɗai ta tara da Yawurin Nijeriya wadda ke bakin Kwara, kuma duk wanda ya tashi daga nan yana son ganin ruwan gishiri, sai ya ci fiye da kilomita 900 ya nufi kudu. Saboda haka mai karatu na da hujja in ya yi mamakin ganin wannan fili ya ɗauko zancen lambobin yabo na sojan ruwa, waɗanda suka yi yaƙi cikin jiragen da iska ke turawa tun zamanin kakannin kakanni. Dalili kuwa shi ne, a Yauri da Kance da Matamai da sauran garuruwan wannan yanki, akwai gidajen da har yanzu ake ajiye da lambobin dattawan da suka yi wa Faransa soja, cikin adaka ko ƙasan akwati, tare da tsofaffin takardun da gara ta fara lasa. Akwai kuma dillalan tsofaffin kaya masu yawo suna tayawa, domin Hausawa sun daɗe da riƙe wannan fatauci daga Kano har Abijan. A kasuwar lambobin sojan ruwa ne ƙa'idar da ke yanke darajar kowace lamba ta fi fitowa fili, kuma magajin da bai san ta ba ya zama kazar da ta kwana bisa dami da yunwa.

Yadda lambar ta samu

Daga shekarar 1793 zuwa 1815, Ingila da Faransa sun yi ta gwabza yaƙi bisa teku, in ban da ɗan sararawa da aka samu a 1802. Jiragen wancan lokaci na katako ne, masu dogayen turaku da ake ɗaura wa manyan ƙyallaye, iska na bugawa tana tura su. Babban jirgi yakan ɗauki igwa 74, wani fiye da 100, da mutane ɗaruruwa cunkushe cikin duhu da ɗanshi na tsawon watanni. Yaƙin da ya fi suna shi ne na Tarafalga, a gaɓar ƙasar Sifen, ranar 21 ga watan Oktoba 1805, inda jirage 27 na Ingila ƙarƙashin Nelsan suka karya jirage 33 na Faransa da Sifen. Nelsan kansa a nan harsashi ya same shi ya mutu.

Bayan nasara, sarkin Ingila ya ba manyan hafsoshi da shugabannin jirage lambobin zinariya. Talakan soja kuwa, wanda ya ja igiya ya ɗura albarushi, bai samu lamba daga hannun gwamnati ba. Sai da wani attajirin Birmingham mai suna Matthew Boulton ya buga masu lamba da kuɗin aljihunsa. Haka aka zauna har 1847, lokacin da gwamnatin Sarauniya Biktoriya ta yanke a yi lamba ɗaya domin wasu zaɓaɓɓun yaƙe-yaƙen ruwa da aka yi daga 1793 zuwa 1840, wadda ake kira Naval General Service Medal. An gindaya sharaɗi biyu: sai wanda ke da rai, kuma sai ya rubuto da kansa ya nema, sa'an nan a binciki sunansa cikin littafin kiran suna na jirgin da ya ce ya yi aiki ciki. Matar mamaci da marayunsa ba su da rabo. Shekara 42 ke nan bayan Tarafalga. Cikin mutum wajen dubu 18 da suka yi wa Ingila wancan yaƙi, waɗanda suka rayu suka nema aka ba su ba su kai dubu 2 ba. Jimillar lambobin da aka raba ita ce dubu 20 da 933.

Lambar ta azurfa ce, faɗinta milimita 36. A fuska ɗaya akwai kan sarauniya da shekarar 1848, a ɗayar kuma wata mace da ke wakiltar Ingila zaune bisa dokin ruwa. Tana rataye da farin ƙyalle mai shuɗin baki. Bisa ƙyallen ana maƙala wani ɗan allo na azurfa mai ɗauke da sunan yaƙi ko sunan jirgi da kwanan wata, kuma mutum kan samu allo ɗaya kan kowane yaƙin da ya halarta. Mafi yawan da mutum guda ya samu shi ne 7. Irin waɗannan alluna 231 aka amince da su. Na yaƙin Siriya na 1840 shi ya fi yawa, wajen dubu 7, tun da mutanensa ba su tsufa ba tukuna. Akwai na harin da aka kai wa birnin Aljer a 1816, da na Nabarino a ƙasar Girka a 1827, wanda shi ne babban yaƙin ruwa na ƙarshe da aka yi da jiragen iska zalla. Wasu allunan mutum ɗaya ko biyu kaɗai suka karɓa, wasu kuma babu ko mutum guda da ya rage da zai nema.

Abin da ake saye a gwanjo

A Landan akwai gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans da suka ƙware kan wannan haja. Lambar Siriya takan tashi kan fam ɗaruruwa. Ta Tarafalga takan tashi kan fam dubbai, wato miliyoyin sefa, kuma in ta wanda ya yi aiki cikin Victory ce, jirgin Nelsan, kuɗin sai ya ƙara hawa. Alhali kuwa azurfar da ke jikin biyun ɗaya ce, kuma ba ta fi ta ƴar munduwa ba.

Bambancin yana a gefen lambar. A kaurin bakinta an buga sunan mai ita da manyan baƙaƙe tun daga gidan buga kuɗi na gwamnati. Da wannan suna mai saye zai nufi ma'ajiyar takardun tarihi ta Ingila da ke Kew, ya buɗe littafin jirgi, ya ga shekarun mutumin, da garin haihuwarsa, da ranar da ya shiga jirgi, da aikin da yake yi ciki, da ko an ji masa rauni. Mutum sukutum yakan fito daga cikin takarda, kuma wannan mutumin ne ake biyan kuɗi dominsa. Hausawa suka ce suna linzami ne. A nan shi ke jan farashi.

Inda riba take kuwa, nan macuta ke taruwa. Sunan jirgi ba ya cikin abin da aka buga a gefen lambar, kuma Turawan Ingila na da sunaye masu yawan takwara, kamar yadda Musa Abdu ke da takwara a kowace unguwa. Sai macuci ya sayi lambar Siriya mai arha ta wani mai irin wannan suna, ya cire allonta, ya maƙala na wani yaƙi mai tsada inda wani takwaransa ya halarta. Wani kuma yakan goge sunan asali da magagari ya zana sabo, abin da ke sa bakin lambar ya sirance. Shi ya sa masana suka ɗauki shekaru suna tsara jerin sunayen duk waɗanda aka ba lambar, suna kuma bin sawun kowace ɗaya daga hannu zuwa hannu cikin tsofaffin littattafan gwanjo. Lambar da aka san hannuwan da ta bi tun shekaru 100 ta fi wadda ta faɗo daga sama jiya tsada nesa ba kusa ba.

Ta Faransa, wadda ba ta da suna

Faransa ma ta tuna da nata tsofaffin, amma ta wata hanya dabam. Ranar 12 ga watan Agusta 1857, Nafoliyon na Uku ya ƙirƙiro lambar Santelen, da sunan tsibirin da baffansa Nafoliyon na Ɗaya ya mutu, domin duk wanda ya yi yaƙi ƙarƙashin tutar Faransa daga 1792 zuwa 1815, a tudu ko a ruwa, in dai yana da rai. An raba wajen dubu 400. Ta tagulla ce, kuma ba a buga sunan kowa a jikinta ba. Sunan yana bisa takardar shaida da ake haɗawa da ita, da kuma babban kundin da aka ajiye a Paris. A watan Mayu 1871, lokacin tarzomar birnin, gobara ta cinye ginin da kundin yake ciki. Yau lambar Santelen tana cikin masu arha a kasuwar tsofaffin kaya, domin babu mai iya cewa wannan ta sojan ruwan da ya ga Tarafalga ce, waccan kuwa ta wanda bai taɓa barin bariki ba. Wadda ta zo tare da takardarta ce kaɗai ke ɗaga kai.

Rabon baƙar fata

Wannan tarihi bai tsallake ƴan Afirka ba. Littattafan jiragen Nelsan sun nuna akwai haifaffun Afirka da na tsibiran Karibiyan cikin ma'aikatansu, kuma a gindin hasumiyar Nelsan da ke tsakiyar Landan, cikin zanen tagulla na mutuwarsa, ana ganin wani baƙin soja riƙe da bindiga. Daga 1808 kuma Ingila ta girke rundunar jirage a gaɓar Afirka ta Yamma domin tare jiragen fataucin bayi. Cikin shekaru kusan 60 rundunar ta kama jirage wajen 1600, ta ƴanta mutum kimanin dubu 150, aka sauke mafi yawansu a Firitawun ta Saliyo. Akwai Hausawa da Barebari cikinsu: wani malami Bajamushe mai suna Koelle ya tarar da mutanen Kano da na Katsina a can, ya rubuta kalmomin Hausa daga bakinsu cikin littafin da ya fitar a 1854. Amma cikin alluna 231 ɗin nan babu ko ɗaya da aka keɓe wa wannan aiki, duk da yawan ma'aikatan da zazzaɓi ya kashe a cikinsa. Lamba tana faɗin abin da gwamnati ta ga dama ta tuna ne kawai.

Hausawa sun fara rataya irin lambar da sojan ruwan Ingila ke ratayawa a ƙarshen wannan zamani, lokacin da injin tururi ya fara maye gurbin iska. Wani hafsan sojan ruwa, John Glover, wanda jirginsa ya fashe kusa da Jabba a 1857, ya kafa wata ƴar runduna a Ikko a 1863 da Hausawan da suka kuɓuta daga bauta. Daga ita ne sojan Nijeriya na yau ke ƙirga asalinsu. An kai su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma lambar wannan yaƙi iri ɗaya aka ba su da ma'aikatan jiragen sarauniya. Daga baya ma, lambobin da Ingila ta ba sojanta na Afirka ta Yamma sun zo da suna da lambar soja a gefe. Tun da al'adar bariki ce a kira soja da sunan garinsu, har yau akan ga sunayen garuruwan ƙasar Hausa cikin littattafan gwanjon Landan, an rubuta su da karkataccen rubutun Bature.

Abin da ke cikin adakar gida

A wannan ɓangare na iyaka kuwa, tsarin Faransa aka gada. Mako uku kafin lambar Santelen, ranar 21 ga watan Yuli 1857, aka sa hannu kan dokar kafa rundunar baƙaƙen sojan da ake kira tirayer na Senegal, ko da yake daga baya an ɗebo su daga ko'ina cikin Afirka ta Yamma. Sojan ruwan Faransa ma sun ratsa ƙasar nan: a 1896 wani hafsansu mai suna Hourst ya gangaro kogin Kwara da ƙananan jirage da matuƙa ƴan Afirka, ya yi watanni a kusa da Sayi kafin ya wuce teku. A 1893 aka ƙirƙiro lambar ƙasashen mulkin mallaka, mai ɗan allo irin na Ingila, ɗauke da sunan ƙasa ko na tafiya. Akwai allo na musamman domin ayarin Foureau da Lamy da ya iso Damagaram a watan Nuwamba 1899, watanni kaɗan bayan an karya dakarun Sarki Amadu Kuran Daga a Tirmini. Irin wannan lamba abin alfahari ce a wani gida, a wani gidan kuwa tabo ce, kuma duka biyun tarihi ne da ya cancanci ajiya.

A yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 an kwashi mutum kusan dubu 200 daga Afirka ta Yamma, wajen dubu 30 ba su dawo ba. Daga 1919 ɗaukar soja ta zama ta kowace shekara, ana ɗora wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo, da yawa ba da son ransu ba. An sake kwasa a yaƙin 1939 zuwa 1945, da na Indoshin, da na Aljeriya. Waɗanda suka dawo sun zo da lambobi: ta bajintar soja wadda aka kafa a 1852, da kuros ta yaƙi ta 1915, da ta mazan jiya ta 1930. Dukansu babu suna a jikinsu. An buga su da yawan gaske, kuma ana samun irinsu a shagunan Paris da kuɗi kaɗan. A tsarin Faransa girmamawar tana cikin takarda: littafin soja mai lambar mutum da shekarar ɗaukarsa da rundunarsa, da takardar shaidar lamba, da katin mazan jiya, da takardar sallama. Ranar da aka raba lambar da waɗannan takardu, ta koma guntun ƙarfe, shi kuma dattijon da ya sha sanyin Turai ya rasa shaidar da ta rage masa a duniya.

Takardun nan ba na tunawa kaɗai ba ne. A watan Disamba 1959 Faransa ta kafa dokar da ta daskarar da fanshon tsofaffin sojan ƙasashen da ke shirin samun mulkin kai, har aka wayi gari Bafaranshe na karɓar ninkin-ba-ninkin abin da abokin yaƙinsa na Afirka ke karɓa. Wani tsohon saje ɗan Senegal, Amadou Diop, ya kai ƙara, babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta ba shi gaskiya ranar 30 ga watan Nuwamba 2001, bayan ya riga ya rasu. A watan Mayu 2010 kotun tsarin mulki ta rushe bambancin, aka fara daidaitawa daga Janairu 2011, amma sai wanda ya rubuta ya nema. Sharaɗin Biktoriya na 1847 ke nan ya dawo da sabuwar riga: a jira har mafi yawa su mutu, sa'an nan a ce mai rai ya kawo takarda. Gidan da gara ta cinye wa littafin soja ya rasa abin nunawa. Haka kuma gardamar da ake yi kan yawan tirayer ɗin da sojan Faransa suka harbe a barikin Caroy kusa da Dakar, ranar 1 ga watan Disamba 1944, saboda sun nemi haƙƙinsu, gardama ce ta sunaye da takardun da suka ɓata ko aka ɓoye.

Shawara ga magada, da ƴan kasuwa, da ma'aikata

Magaji ya haɗa lamba da takardunta da hoton mai ita wuri guda, cikin gwangwani mai murfi, nesa da ɗanshin damina. Kada a goge ta da toka ko yashi ko lemun tsami. Duhun da shekaru suka sa mata ado ne a idon masana, kuma gogewa na cinye zanen. Kada a huda ta, kada a canza tsohon ƙyallenta ko da ya koɗe, kada kuma a kai wa maƙerin farfaru ya narke ta kamar yadda aka narke dalolin azurfa na da aka yi mundaye. A ɗauki hoton kowane shafi na littafin soja, a raba wa ƴan'uwa. A zaunar da tsofaffin gida tun suna da rai, a rubuta abin da suka ji daga bakin mai lambar: shekarar da aka ɗauke shi, wane sarki ke bisa gado, inda aka kai shi, da wa suka tafi, wa ya dawo. Mai lambar soja a hannu yana iya rubuta wa ma'ajiyar takardun sojan Faransa da ke garin Pau, inda ake ajiye da kundayen sojan ƙasashen da ta mallaka, ya nemi tarihin aikin kakansa.

Ɗan kasuwa kuma ya sani cewa da wuya ƙwarai lambar Tarafalga ta gaskiya ta ɓullo a kasuwar Dole ta Damagaram ko Kurmi ta Kano, alhali kwaikwayonta ya cika duniya. Ta gaskiya bugawa aka yi, zanenta na da kaifi. Ta jabu zubi ce, takan zo da ƴan ramuka kamar fuskar mai zanzana, faɗinta kuma yakan gaza milimita 36. Wanda ya biya kuɗi kafin ya auna, ya karanta gefe, ya binciki sunan cikin jerin da aka wallafa, ya yi cinikin biri a sama. Ya kuma tuna cewa tun 1997 Nijar na da doka kan kare kayan tarihi, wadda ta ɗora fitar da su waje bisa izinin hukuma. Dillalin da ya sayi lamba daga hannun gwauruwa ya bar takardun a baya ya cuce ta, ya kuma cuci kansa, domin ya bar rabin da ya fi tsada.

Ga ma'aikatan gwamnati kuwa, aikin ba ya bukatar kasafi mai nauyi. Littafi guda a ofishin magajin garin Yauri, wani a Kance, wani a Matamai, inda za a rubuta sunan kowane tsohon soja na yankin, da ƙauyensu, da lambarsa ta soja, da lambobin yabon da ya samu, da gidan da suke ajiye, ya isa ya zama tushe. Malaman makaranta na iya tura ɗalibai su tambayo a gidajensu, a kai kwafi gidan tarihi na Damagaram da na Bubu Hama da ke Yamai. Abin da ya sa jikan wani talakan matuƙi na Ingila ke iya sanin inda kakansa ya tsaya ranar Tarafalga shi ne, wani akawun jirgi ya zauna ya rubuta suna, wasu kuma suka adana littafin shekara 200. Tsofaffin da suka ga mazan jiya da idonsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da ba a rubuta ba kafin su tafi, babu gwanjon da zai dawo da shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba magada ikon riƙe amana. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai rai.